Ranar da Aka Ƙi Amsa Gayyatar Alhaji Yushe'u

Masu ba da labari, waɗanda ba a cika tambayarsu shaidu ba, sun ce an yi wani attajiri a Haɗejia ana kiransa Alhaji Yushe'u Mai Riɗi. Da awo ya fara a bakin kasuwa, Allah ya buɗa masa har ya kafa kamfani mai sito da manyan motoci da ofis na bene, yana tura riɗi ƙasashen da shi kansa bai taɓa takawa ba. Mutum ne mai kirki, gwargwadon yadda arziki ke barin mutum ya yi kirki. Abu ɗaya ne kunnensa ya manta, shi ne kalmar a'a. Tun da ya samu ta daina biyowa ta ƙofarsa.

A shekarar da ake wannan labari aka sa wa kamfanin manhajar imel da kalanda. Mai son kiran taro sai ya rubuta gayyata a kwamfuta ya tura, ta faɗa cikin kalandar wanda aka kira, da maɓallai uku a ƙarƙashinta: na amsawa, na wataƙila, da na ba da haƙuri. Alhaji ya so abin nan ƙwarai, don yana zaune zai ga sunaye suna shigowa bi da bi, kowa ya amsa. Maɓalli na uku kuwa ya ɗauka ado ne.

Wata Talata ya kira shugabannin sassa taro, Laraba da hantsi, a kan yadda za a riƙe wani babban mai saye na ƙasar waje da aka ji ya fara leƙen riɗin wasu. Kowa ya amsa, ban da Malama Lubabatu, shugabar sashen ciniki da waje. Ita na ukun ta danna. Ta rubuta cikin ladabi cewa a daidai wannan lokaci wakilin mai sayen zai zo sito duba kaya, kuma ita za ta zagaya da shi. Ta ƙara da cewa ta duba kalandar Alhaji ta ga babu komai bayan Azahar, in ya yarda a mayar da taron can.

Alhaji ya karanta, ya kuma gane sarai. Dalilin bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne an ƙi amsa gayyatarsa, sannan aka yanka masa lokaci. Ya sa sakatarensa ya shirya takardar mayar da Lubabatu wurin awo a wani ƙauye na bakin iyaka, ya ce kafin a tashi aiki zai sa hannu.

To, akwai wani Malam Ƙasimu, ɗan kawun Alhaji, tsohon malamin makaranta. Da ya yi ritaya Alhaji ya ba shi ɗaki da kujera da muƙamin mai ba da shawara, muƙamin da mafi yawan aikinsa shan shayi ne. Abu ɗaya ya koya a kwamfuta, ya kuwa koye shi da kyau: ya sa wa Alhaji zaman shawara a kalanda kowace Alhamis da safe, mai maimaita kansa, ba ranar ƙarewa. Da yake su taubasai ne, shi kaɗai ke iya faɗa wa Alhaji magana ya kwana da muƙaminsa.

Ya shigo da kofi a hannu, ya tarar da Alhaji ya tura hula gaban goshi.

Ya ce, "Ɗan gwaggo, wa ya mutu?"

Alhaji ya ce, "Kunya ce ta mutu, ɗan kawu. Zo ka gani." Ya juya masa fuskar kwamfutar. "Ni zan aika wa yarinyar nan gayyata ta dawo mini da ita? Ubanta ma da yana raye, ko sunan jikana na aika masa goro da ƙafa zai zo. Har da ba ni lokaci, wai bayan Azahar, sai ka ce mai neman aiki."

Malam Ƙasimu ya karanta a hankali, ya kurɓi shayi. Ya ce, "Lallai ta yi laifi. Ta tafi riƙe mai saye a lokacin da ya kamata ta zauna a tattauna yadda za a riƙe shi."

"Kada ka fara."

"Ban fara ba. Na dai tuna da Hajiya Asabe mai ɗinki ne, wadda Allah ya ba ma'aikata masu tarbiyya irin wadda kake so. Ko ɗaya bai taɓa ƙin amsa gayyata ba."

Alhaji ya ce, "Ka ga mai sa'a. Me ya same ta?"

Malam Ƙasimu ya ja kujera ya ce, "Tun da ka tambaya."

Hikayar Hajiya Asabe da Ma'aikatanta Masu Tarbiyya

An yi wata mata a Zariya, Hajiya Asabe, tana da masana'antar ɗinka kayan 'yan makaranta. Ita ma aka kawo mata irin wannan manhaja taka. Ma'aikatanta 'ya'yan mutunci ne, sun tashi a gidajen da in an aiko goron biki ba a mayar da shi. Da suka ga gayyata a kwamfuta sai suka ɗauke ta goro.

Daga nan abu biyu ya biyo baya. Mai kiran taro ba ya iya barin kowa, don wanda bai ga sunansa ba zai kwana yana tunanin me ya yi aka raina shi. In za a yi magana a kan zare, har mai kula da janareta sai an sa shi. Wanda aka kira kuma ba ya iya cewa a'a, don ba a yi masa wannan tarbiyya ba. Kafin a jima kalandar kowa ta cika ta tumbatsa, taro kan taro a lokaci guda, kamar Asabar ɗin ƙarshen shekara da ake ɗaurin aure a kowace unguwa.

Suka kuwa yi abin da kowa ke yi a irin wannan Asabar. Mutum ya shiga taro ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya tabbatar mai taron ya gan shi, ya ce Allah ya sa a tashi lafiya, ya sulale zuwa na gaba. Hajiya tana duba kwamfuta tana ganin kowa ya amsa, tana gode wa Allah da ya haɗa ta da masu ƙwazo.

Ana nan, wata makaranta da suke yi wa ɗinki ta canja launin kayanta daga shuɗi zuwa kore. Wanda aka faɗa wa shi ne Malam Barau, mai zuwa makarantu gwada yara. Aka kira taro don a tsai da maganar aikin, Malam Barau ya amsa, kamar yadda ya amsa na gyaran janareta da aka sa a lokaci ɗaya. Ya zo da niyyar faɗin maganar kore. Sai dai duk lokacin da ya buɗe baki wani ya yi sallama, a koma gaisuwa daga farko, ina kwana, ina gajiya, yaya mai jiki. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara tana tuna masa ɗaya taron. Ya ga bai kamata ya ɓata wa mai janareta rai ba, ya miƙe ya yi addu'a ya fita. Waɗanda suka rage suka ce a yi kamar bara.

Maganar kore dai Malam Barau bai riƙe ta ba, mutum ne mai amana. Ya faɗe ta a taron janareta. Aka yi dace shugaban masu ɗinkin wando ya leƙo can nuna fuska, ya ji, ya riƙe. Shugaban masu ɗinkin riga kuwa yana taron farko.

Bayan an kai kaya, sai ga hedimastan makarantar, Malam Hashimu, da riga da wando a leda. Ya shimfiɗa su a teburin Hajiya ya ce, "Hajiya, ɗinki ya yi kyau, ba mu da ta cewa. Sama shuɗi, ƙasa kore. In yaran suka yi layi da safe sai ka ce hoton damina. Iyaye ne dai ba su da idon gane irin wannan fasaha."

Hajiya Asabe ta rasa inda za ta sa kanta. Ta buɗe kalanda ta nuna masa ta ce, "Malam, duba da idonka. An yi taro a kan aikinku. Kowa ya amsa, har Barau. Babu wanda ya ce ba zai zo ba."

Malam Hashimu ya gyara tabarau ya duba ya ce, "Haka ne, babu. Ashe Ƙadangare ya bar zuriya."

Ta ce, "Wane Ƙadangare kuma?"

Ya ce, "Wanda nake ba 'yan aji uku labarinsa. In ba za ki ga raini ba, sai in ba ki."

Ta ce, "Rainin da ya wuce wandon nan? Faɗi."

Hikayar Kaza da Ƙadangare da Zabuwa

A wani gida na bayan gari, Kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya, lokaci ya yi da za ta fitar da su juji su koyi tono. Amma Shirwa na yawo a unguwar, kuma mai tono kanta a ƙasa yake. Tana bukatar wanda zai hau katanga ya duba mata sama.

Ta fara zuwa wurin Zabuwa, don kowa ya san idonta da muryarta. Ta ce, "Ƙawata, gobe da hantsi zan fitar da yara, ki zo ki duba mana sama."

Zabuwa ta ce, "Da hantsi ina gona, na riga na yi wa 'yan'uwana alkawari. Ki bari sai La'asar, zan zo in tsaya har ku gama."

Kaza ta kumbura. Ta ce, "Ni da 'ya'yana, ke za ki sa mini lokaci? Gida ɗaya muke kwana, in roƙe ki abu ki dubi idona ki ce a'a?"

Zabuwa ta ce, "Idonki na duba shi ya sa na faɗa miki."

Kaza ta wuce tana mita, ta sami Ƙadangare a gindin rumbu. Shi kuwa duk gidan an san shi da daɗin zama, bai taɓa mayar da kowa ba. Kafin ta rufe baki ya gyaɗa kai. Ta sake faɗa don ta tabbatar, ya sake gyaɗawa. Ta tafi tana cewa har yanzu akwai 'yan halas a duniya.

Abin da ba ta sani ba, a safiyar nan Akuya ta gayyace shi suna ya gyaɗa, Agwagwa ta kira shi rakiya rafi ya gyaɗa, su ma da hantsin gobe. Da gari ya waye ya rasa wa zai ɓata wa. Ya leƙa wurin Akuya ya yi barka, ya raka Agwagwa rabin hanya, ya hau katangar Kaza ya tabbatar ta gan shi, sannan ya gangara ta baya don ya koma a yi addu'ar suna da shi.

Kaza ta ga an hau katanga, ta sunkuyar da kai ta shiga tono. Shirwa kuwa ba ta aika wa kowa gayyata ba, ta zo a kan lokaci. Kaza ta koma gida da 'ya'yanta ba su cika ba.

Ta sami Ƙadangare ta ce, "Ba ka ce za ka tsaya ba?" Ya gyaɗa kai. "Ka san ba za ka iya ba?" Ya gyaɗa kai. "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Uwar yara, kunyarki na ji."

Ta ce, "Zabuwa ta ɓata mini rai na wuni guda. Kai ka faranta mini, ga shi ina zaman makoki."

Da La'asar sai ga Zabuwa a kan katanga, kamar yadda ta ce. Tun daga ranar Kaza ke fitar da yara a lokacin da Zabuwa ta ga za ta iya. Ƙadangare kuwa wuyansa ya riga ya saba, har yau ko ba a tambaye shi komai ba yana amsawa.

Malam Hashimu ya naɗe riga da wando ya ce, "Hajiya, masana'antarki cike take da masu hawa katanga a gan su. Ki nemi Zabuwa ko guda ɗaya."

Hajiya Asabe ta sake ɗinka rigunan, ta kuma tara ma'aikata, ta rufe ƙofa don kada kowa ya sulale. Ta ce daga yau gayyatar aiki ba goron biki ba ce. Mai kiran taro ya fara duba kalandar mutane ya ga ko suna da sarari, ya kira waɗanda maganar ba ta yiwuwa sai da su, sauran a tura musu abin da aka yanke. Wanda ke da aikin da ba ya son a katse, ya toshe lokacin a kalandarsa kowa ya gani. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa, ya kawo wani lokaci. Wanda ya amsa kuma ya zauna har a shafa fatiha.

An sha fushi da farko. Mai janareta ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwa da kyau, don an yi taron zare ba a sa shi ba. Daga baya ya lura janareta ya daina mutuwa, tun da yanzu yana kusa da shi.

Malam Ƙasimu ya aje kofinsa ya ce, "Ka ji yadda Hajiya Asabe ta yi asarar yadi kafin ta sami mai ce mata a'a. Kai Allah ya ba ka ita kyauta, kana shirin aika ta bakin iyaka."

Alhaji ya ce, "Wato ni ne Kazar."

"Ni ban ce ba. Kaza ai tana tono da kanta."

"Ɗan kawu, labarinka na yara ne. Mutanena ba ƙadangaru ba ne. In sun ce za su zo, suna zuwa."

"Suna zuwa mana. Suna zama?"

Alhaji ya tuna taron makon jiya, wanda aka fara ɗaki cike aka gama daga shi sai sakatare da kwalaben ruwa. A lokacin ya ɗauka yawan aiki ne.

Malam Ƙasimu ya ce, "Kira sakatarenka ya buɗe mana kalandar waɗanda suka amsa. Ni iyakacin ilimina Alhamis."

Sakatare ya zo ya jera kalandun gefe da gefe. Shugaban sito ya amsa taron Alhaji, ya kuma amsa na masu feshin ƙwari, duk Laraba da hantsi. Akanta ya amsa na Alhaji da na banki da na kwamitin masallacin ofis. Shugaban direbobi, Sabi'u, ya amsa tun kafin kowa.

Alhaji ya ce, "Ka gani? Sabi'u ba ya wasa da kirana."

Sakatare ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, Sabi'u yana Legas. Kai ka tura shi da kaya shekaranjiya."

"To me ya sa ya amsa?"

"Ya ce ba zai iya ganin sunanka ya danna wani abu daban ba."

Malam Ƙasimu ya ce, "Yaro mai tarbiyya. Gobe sai a aje masa kujera, a zuba mata ruwa."

Alhaji ya sallami sakatare. Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, yana murza gemu. Can ya ce, "Duk da haka, da ta tako ta faɗa mini da baki. A gidanmu haka ake yi."

"Wannan kam da ta yi, da ya fi daɗi. Ka faɗa mata, za ta ji. Amma ka dubi abin da ta yi maka. Ta duba lokacinka kafin ta yi magana, kai ba ka duba nata ba. Ta faɗa maka inda za ta kasance. Kuma in aka bi tata, za ta shigo taron da abin da wakilin ya ce a sito yana da zafinsa. In aka bi taka, za ku zauna ku yi hasashen abin da yake so, shi kuma yana can tsaye a rana ba wanda ya tare shi. Cikin duk sunayen nan, ɗan gwaggo, amsarta kaɗai za ka iya jingina da ita ba ka faɗi ba."

Alhaji ya ɗauki takardar canjin wurin aikin, ya dube ta, ya ninke ya jefa a kwandon shara. Ya gyara hularsa ta koma daidai. Ya ce, "Na ji. Gayyatar aiki daban, goron suna daban. Ina ake danna a yarda da lokacin nata?"

Aka sake kiran sakatare ya nuna masa. Alhaji ya danna da yatsa ɗaya, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Taron ya tashi daga hantsi ya sauka bayan Azahar. Ya sa aka cire Sabi'u da duk wanda maganar ba ta shafa ba, aka rubuta musu cewa ba raini ba ne, za a tura musu abin da aka yanke. Ba a jima ba amsar Lubabatu ta shigo. Ta danna na farko.

Alhaji ya ce, "Wannan amsar ta fi sauran nauyi."

Malam Ƙasimu ya ce, "Alhamdu lillahi. Sauran bayani sai ranar Alhamis, a zamanmu. Ina da wata hikaya a kan masu tura wa duk kamfani amsar da mutum ɗaya ya tambaya."

Alhaji ya matsa kusa da kwamfutar, ya nemo Alhamis da kansa, ya sami zaman shawarar nan mai maimaita kansa ba ranar ƙarewa. Ya dubi maɓallan uku a natse. Wayar Malam Ƙasimu ta yi ƙara a aljihu.

Ya ciro ta, ya nisanta ta da idonsa ya karanta. An ba shi haƙuri. An ce da safe Alhaji yana da aiki, amma yana da sarari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gida, in Malam zai zo da nasa shayin.

Malam Ƙasimu ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki kofinsa ya ce, "Na yi shekara da shekaru ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya gane karatu da sauri haka ba. Da na sani da na ja labarin."

Alhaji ya ce, "Ka amsa ko ba ka amsa ba?"

Ya ce, "Sai na duba kalandata."